Tafintoci Uku a Shagon Baffa

A Marwa, bayan kasuwar albasa,
akwai injin da ya girmi 'yata.
Windo casa'in da takwas ke cikinsa,
sai fankarsa ta yi tari kafin ya farka.
Baffa Yerima ya bar mana shi
da makullin shago da sunayen masu binmu.

Shi ya rubuta lissafin da hannunsa,
layi bisa layi, da yaren Si:
buhu nawa ya shigo daga Meskin,
nawa ya hau mota zuwa kudu,
sefa nawa ta rage a hannun wa.
Shekara ashirin bai ci kwabon kowa ba.

Ranar Talata lissafi ya kife.
Buhu dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da bakwai,
na ƙara ɗaya,
sai allon ya ce Alhaji Hamajoda,
wanda ke binmu tun damina,
wai mu ke binsa.
Ya dube ni, ya dubi injin,
ya ce zai dawo Juma'a.

Kalma ɗaya ce gyaran, na gano ta:
mudun ƙidaya ya cika, a sa masa tiya.
Amma inji ba ya jin Si,
kamar yadda kakata ba ta jin Faransanci a asibiti.
Dole a nemo tafinta.
Masu sana'ar na kiransa kompaila.

Na farko ɗan gayu ne,
Ubbo ya turo min shi daga Yawunde.
Ya cinye rabin faifai kafin ya yi sallama,
ya fassara cikin ƙiftawar ido,
ya miƙo aiki fes.
Na danna.
Tsohon injin ya ce bai san wannan baƙon ba.
Hausar jikoki ce, kakan bai gane ba.

Na biyu na samo wurin mai gyaran rediyo a Domayo,
ɗan ƙarami, mara nauyi, mara musu.
Duk abin da na ba shi, to.
Na bar waƙafi da gangan, to.
Na ji daɗinsa har la'asar,
har na ga ya haɗiye sefa hamsin
a kowane buhu na goma.
Irin tafintan da ke cewa likita ya ce ba komai.

Na uku yana cikin akwatin Baffa,
ƙarƙashin rasiɗai da allurar ɗinkin buhu,
faifai mai zane kamar fuskar tsohuwar tukunya.
Na goge shi da gefen riga.
Ya ɗauki tsawon dahuwar shayi,
sannan ya fara mita:
layi na tara, me kake nufi?
Layi na sittin, ka ɗebo ba ka mayar ba.
Gargaɗi arba'in da ɗaya.
Na zage shi da Fulatanci.
Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Na zauna a duhu da warin albasa,
gumi na bin bayana,
sai na ji dariya ta kama ni,
don haka Baffa yake yi in na auna buhu:
ɗaga, sake ɗorawa, karanta da ƙarfi.

Wuta ta dawo bayan isha'i.
Na bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya,
talatin da takwas laifina ne ko na marigayi,
ukun har yau ban yarda ba.

Juma'a Alhaji ya zo da ɗansa mai digiri.
Yaron ya ce a jefar da injin, waya ta fi shi.
Ƙila da gaskiyarsa.
Na buga takarda, firinta na kuka kamar gyare,
Alhaji ya bi ta da yatsa har ƙasa,
ya ninke, ya sa a hula,
ya ce a loda masa buhu sittin.